Teɓa da sigari: wanne za a fara kamawa?

Shugaban zaure: Assalamu alaikum jama'a. Wani ɗan uwa daga Anguwan Rogo a nan Jos ya turo tambaya, ya ce kada a faɗi sunansa. Shekarunsa 42, nauyinsa kilo 96, tsayinsa mita 1.72, ƙugunsa santimita 108. Yana shan sigari wajen kara 15 a rana. Yana so ya zubar da kilo 20 cikin wata biyu, kuma yana so ya bar sigari, amma an tsorata shi cewa wanda ya bar sigari ƙiba yake ƙarawa. To wanne zai fara? Masana, ga fili ga mai doki.

Koci Danladi: Wa alaikumus salam. Kafin a je ga wanne za a fara, a gyara lissafin tukuna. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bai wa jiki, kusan 7,700. Kilo 20 ke nan kalori 154,000. Raba shi kwana 60, ya kama sama da 2,500 a kowace rana, wato kusan duk abin da namiji irinsa ke ci daga safe zuwa dare. Sai dai in ya daina cin abinci ɗungurungum. Abin da jiki ke iya ɗauka shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Wata biyu ke nan kilo 4 zuwa 8, in komai ya tafi daidai.

Dokta Hadiza: Koci ya yi gaskiya, kuma kada mai tambaya ya raina kilo 5. In ka raba nauyinsa da tsayinsa sau tsayinsa, wato 96 a raba da 2.96, za ka samu 32 da 'yan kai. Daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 an shiga ƙiba sosai. Amma ba sai ya koma 25 kafin ya ga amfani ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, a wajensa kilo 5 zuwa 10, ya isa ya sassauta hawan jini da sukarin jini. Ni ƙugun ma ya fi ɗaukar hankalina. Namiji in ya haura santimita 102 yana cikin haɗari babba, mace kuma 88. Kitsen tumbi shi ne wanda ke lulluɓe hanta da hanji, shi ke janyo ciwon suga.

Amsar tambayarsa kuwa: sigari ce farko. Babu ja a nan.

Hajiya Talatu: Likita, ranki ya daɗe, a nan zan ɗan ja. Tsoron nasa yana da tushe. Yawancin waɗanda suka bar sigari suna ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko, kuma mafi yawan ƙarin yana zuwa ne a wata ukun farko. Mutumin da ke 96 in ya hau sikeli ya ga 100, sai ya ce an gudu ba a tsira ba, ya koma wa kwalinsa. Me zai hana ya fara sauke kilo 5 tukuna, ya samu ƙwarin gwiwa, sannan ya tunkari sigarin?

Dokta Hadiza: Hajiya, abin da ke hana shi shi ne "tukuna" ba ta da ranar ƙarewa. Kilo 5 zai ci wata biyu ko uku in an yi sa'a, in ba a yi ba shekara. A kara 15 a rana, wata ɗaya kara 450 ne. Kuma ba a haɗa illar kilo 5 da illar sigari a ma'auni ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta jera abin da ke faruwa bayan karan ƙarshe: cikin awa 12 gubar hayaƙin da ke hana jini ɗaukar iska ta sauka, cikin mako 2 zuwa 12 gudanar jini da aikin huhu sun inganta, bayan shekara ɗaya haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya ya koma kusan rabin na mai sha. Babu ramar da za ta ba shi wannan cikin shekara guda. Sannan ga abin da mutane ba su lura da shi: sigari tana iya rage nauyi a sikeli, amma masu shan ta da yawa sun fi tara kitse a ciki. Ga shi nan shi kansa shaida ne, yana sha kuma ƙugunsa 108.

Hajiya Talatu: Na karɓi wannan. Amma da sharaɗi: kada a ce masa ya bar sigari kuma ya shiga matsananciyar rage cin abinci rana ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa. Yunwa da ƙawar sigari in suka haɗu, ɗaya sai ta kayar da shi, kuma yawanci sigarin ce ke dawowa. A wata biyu ko ukun farko burinsa ya zama kada sikeli ya hau, shi ke nan. In ya tsaya a 96 ba sigari, ya ci riba.

Dokta Hadiza: A nan mun haɗu.

Sista Ladi: Bari in faɗi dalilin ƙarin nauyin, don in an san ta inda ɓarawo ke shiga an san inda za a toshe. Nikotin, sinadarin taba mai sa ƙawa, yana danne yunwa kuma yana sa jiki ƙona abinci da ɗan sauri, in babu shi duka biyun sun tafi. Harshe da hanci kuma suna farfaɗowa cikin 'yan kwanaki, abinci ya ƙara daɗi. Amma babbar ƙofar ita ce hannu da baki. Mutumin da ya saba kai hannu baki sau ɗari da wani abu a rana, hannun ba zai zauna ba, zai nemi gyaɗa, cincin, alewa, biskit. Gyaɗa giram 100, wato kamar cikin hannu uku, ta haura kalori 550. Karas giram 100 kusan 40 ne, kokwamba ma ba ta kai 20 ba. Mu da muke Jos ba mu da uzuri, kasuwar Farin Gada cike take da karas da kabeji da kokwamba. A wanke, a yanka dogo-dogo kamar tsawon kara, a sa a roba a aljihu ko a mota. Asuwaki ma yana wannan aikin, ba kalori ko ɗaya.

Malam Nuhu mai kemis: Sista ta kawo ni inda nake jira. Mutane da yawa goro suke kamawa a madadin sigari, kuma akwai tarko a ciki. Hayaƙin sigari yana sa hanta ta riƙa wanke sinadarin kafeyin (caffeine) da sauri, wanda ke cikin goro da kofi da shayi. Cikin 'yan kwanaki da barin sigari hanta ta koma saurinta na asali, sai kofin shayin da aka saba ya zama kamar biyu. Daga nan sai bugun zuciya, rawar hannu, rashin barci, mutum ya ɗauka rashin sigari ne ke neman kashe shi, alhali goro ne da shayi. A raba abin da aka saba sha biyu, kuma kada a taɓa su bayan la'asar. Haka abin yake ga wasu magunguna, irin su theophylline na asma da olanzapine ko clozapine na ƙwaƙwalwa, ƙarfinsu na iya hawa a jini. Mai shan irin waɗannan, ko mai allurar insulin, ya sanar da likitansa kafin ranar bari.

Shugaban zaure: Mai tambaya ya sake turo saƙo: ko ya riƙa ragewa a hankali, daga 15 zuwa 3 a rana, ya tsaya a nan?

Malam Nuhu mai kemis: Ragewa hanya ce in akwai ranar tsayawa a ƙarshenta. Amma a zauna a kara 3 ba mafita ba ce. Wanda ya rage yakan zuƙa da ƙarfi, ya riƙe hayaƙin, ya sha har gindin kara, don jiki ya cike gibin nikotin. Kuma zuciya ba ta lissafi da adadi yadda muke zato, kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin haɗarin ciwon zuciya na mai shan kwali guda. Ya tsayar da rana cikin mako biyu masu zuwa. Daren ranar ya zubar da sauran kwalin, da laita, da ashana, ya wanke rigunan sanyin da suka riƙe warin, ya share mota.

Ga abin taimako. Akwai filastar nikotin da ake mannawa a fata, akwai cingam ɗinsa. Ba kowane kemis ke ajiye su ba, sai manya, kuma a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Mai shan sama da kara 10 a rana yakan fara da filasta mai miligiram 21 na mako 6, sai mai 14 na mako 2, sai mai 7 na mako 2. Ana manna ta da safe a busasshiyar fata marar gashi, damtse ko ƙirji, a riƙa sauya wuri kullum don kada fatar ta yi ja. In ta sa mafarkai masu firgitarwa a cire ta kafin kwanciya. Cingam kuma miligiram 2 ne da 4. Wanda ke kunna karan farko cikin minti 30 da tashi daga barci, mai 4 ne nasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tauna shi kamar cingam ɗin yara. A'a. Ka tauna kaɗan har ka ji yaji-yaji, sai ka ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya tafi ka sake taunawa, haka har kamar minti 30. In ka tauna da sauri ka haɗiye miyau, nikotin ciki zai tafi, sai shaƙuwa da ƙwannafi da tashin zuciya, amfanin kuma ya zube. Kada a sha lemo ko zoɓo ko kofi minti 15 kafin a sa shi, tsami yana hana shi shiga. Haɗa filasta da cingam ya fi ɗaya kaɗai aiki: filasta ta riƙe yini, cingam ya tare ƙawar da ta taso ba shiri.

Dokta Hadiza: Ƙari a kan na Malam Nuhu: akwai ƙwayoyi, varenicline da bupropion da cytisine, amma da takardar likita ake shan su. Bupropion bai dace da mai farfaɗiya ba. Mai ciki, da wanda bai daɗe da kamuwa da mummunan ciwon zuciya ba, kada su fara ko da filastar sai sun ga likita.

Kuma ya san abin da zai tarar don kada ya firgita. Kwana na 2 da na 3 su ne mafi zafi: saurin fushi, ciwon kai, kasa tattara hankali. Daga mako 2 zuwa 4 abin ke lafawa. Ita ƙawar kanta zuwa take kamar guguwa, 'yan mintuna ta wuce ko an sha ko ba a sha ba. Tari na iya ƙaruwa a makonnin farko, saboda 'yan gashin da ke share hanyar iska sun farfaɗo suna fitar da kaki. Ciki ma kan bushe, maganinsa ruwa da ganye da wake. Amma tari da jini, ko rama ba dalili, ko zufar dare, wannan asibiti ne kai tsaye.

Sista Ladi: Ga na garinmu kuma. In hunturu ya shigo, Disamba da Janairu, za ka ji ana cewa sigari na ɗumama jiki. Akasin haka take yi, nikotin matse ƙananan jijiyoyin jini yake, shi ya sa yatsun mai sha suka fi na kowa sanyi. Sai teburin mai shayi da majalisar dare. In a nan aka saba kunnawa, a ƙaurace wa wurin na mako uku ko huɗu, abokai su yi haƙuri. Kuma doka ta 2015 ta hana sayar da sigari ɗaiɗai, amma kowa ya san mai tebur na ba da kara guda, to "guda ɗaya kawai" ita ce ke mayar da mutane.

Shugaban zaure: Wani ya tambaya a gefe, shisha fa? Wai ruwan na tace hayaƙin.

Dokta Hadiza: Ruwan sanyaya hayaƙin yake yi, har a ji daɗin zuƙa mai zurfi. Zaman awa ɗaya na iya kai hayaƙin da ya ninka na kara ɗaya sau 100 ko fiye, ga gubar gawayin a kai. Wanda ya bar sigari ya koma shisha bai bar komai ba. Tabar gari ta shaƙa ko ta sawa a baki ma nikotin ce.

Koci Danladi: To ni abin da ba zan yarda a jinkirta ba shi ne tafiya. Abinci a bi shi a hankali, amma tafiya ta fara tun kafin ranar barin sigari, domin tafiyar minti 10 da sauri tana kashe ƙawa a lokacin da ta taso. Sharaɗi ɗaya: mai shekara 42 da sigari da tumbi ya auna jini da suga kafin ya fara wani abu mai ƙarfi.

Mako na 1 da na 2, minti 15, kwana biyar a mako, a shimfiɗaɗɗen wuri. Daga nan ya ƙara minti 5 kowane mako har ya kai 30, wato minti 150 a mako, mafi ƙarancin abin da ake so ga baligi. Mai neman rage nauyi gara ya doshi 250 zuwa 300 daga baya. Saurin da ake so shi ne wanda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. In magana ta gagara, ka yi sauri da yawa. Kada ya fara da gudu. Kilo 96 a kan kwalta, da silifas, gwiwa da agara ne za su biya, mako biyu ya kwanta, shirin ya watse. Kambas mai laushin ƙasa, ko na gwanjo ne, in dai bai cinye ta gefe ɗaya ba.

Jos kuma tudu da gangare ce, garin yana sama da mita 1,200, abin alheri ne amma da dabara. Hawa ke gina zuciya, sauka ke cin gwiwa, don haka a gajarta taku wajen gangarowa. Masu ɗokin hawan duwatsun Shere su bari sai bayan wata uku na tafiya ba fashi. Lokacin hazo da sanyin asuba, wanda huhunsa ke farfaɗowa zai yi ta tari, gara ya fita da hantsi ko bayan la'asar, ko ya rufe hanci da baki da mayafi. Ciwo ko nauyi a ƙirji, jiri, ko hakin da bai dace da aikin ba, a tsaya nan take a nemi asibiti.

Sai kwana biyu a mako na ƙarfafa tsoka, ba sai an je gidan motsa jiki ba. Zama da tashi daga kujera sau 10, tura bango da hannu sau 10, ɗaga jarkar ruwa mai lita 5 a kowane hannu sau 10, a zagaya sau biyu ko uku. Amfaninsa shi ne in nauyi ya fara sauka, kitse ne zai tafi, tsoka ta zauna.

Hajiya Talatu: Koci, ka faɗa musu gaskiyar da ba a so: tafiyar awa guda nawa take ƙonawa?

Koci Danladi: Ga mai nauyinsa, 300 zuwa 400. Lemon roba ɗaya da cincin sun mayar da ita.

Hajiya Talatu: Yauwa. Shi ya sa in wata biyu ko uku sun wuce, ƙawa ta kwanta, sai a juyo kan kwano. Ana neman ragin kalori kusan 500 a rana, kuma a gidajenmu wurare uku ake samunsa ba tare da yunwa ba.

Abin sha ne kan gaba. Lemon kwalba na rabin lita yana da sukari sama da giram 50, kusan ƙwaya 13 na sukarin kwali, wanda shi kaɗai ya cinye iyakar da aka yarda wa baligi a yini. Maltina da 'yan uwanta ma sukari ne, haka zoɓo da kunun aya da fura in an zuba musu son rai. Shayin mai shayi da madara da Milo da sukari cokali uku, ga burodi da bota, ga Indomie da ƙwai, wannan abincin yini ne aka ci da ƙarfe goma na dare. Wannan kam tun yanzu ma zai iya fara ragewa, tunda dama zai ƙaurace wa teburin.

Sai mai. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, kuma da ludayi ake zubawa. Dankalinmu na Turawa dafaffe giram 100 bai kai 90 ba, soyayye kuwa yana kai 300. Dankalin ba shi da laifi, kaskon ne. Haka ƙosai da alale, wake ɗaya ne, bambancin mai ne. Awara a dafa ta cikin miya maimakon suya. A auna man miya da cokali, uwargida ta san da shirin, in ba haka ba aikin banza ne.

Na uku girman malmala. Raba faranti: rabi ganye da kayan lambu, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko nama marar kitse, kwata tuwo ko shinkafa, kamar dunƙulen hannunsa. Gwate mai yawan alayyafo da yakuwa da gauta yana cika ciki da kalori kaɗan, in ba a malala masa mai da gyaɗa ba. Acca abinci ce mai kyau, amma hatsi ce, ba magani ba. Malmala uku ta tuwon acca malmala uku ce.

Malam Nuhu mai kemis: Kuma a bar shayin rage tumbi. Yawancinsu ganye ne mai sa gudawa irin su filasko, ko abin sa fitsari. Ruwa ake zubarwa, sikeli ya sauka kwana biyu ya dawo, gishirin jiki ya rikice, ƙoda ta wahala. Ɗamarar roba da ake ɗaurawa a ciki ita ma zufa kawai take fitarwa.

Koci Danladi: Haka masu kwanciya suna tashi sau ɗari don tumbi. Tsokar ciki za ta yi ƙarfi a ƙarƙashin kitsen, amma jiki ba ya zaɓar inda zai cire kitse don an motsa wurin.

Sista Ladi: Wajen awo: sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe bayan an zaga, kafin a karya, a kan sikeli ɗaya. Nauyi na iya hawa ko sauka da kilo guda a yini saboda ruwa da gishiri kawai, mai hawa sikeli kullum zai tayar wa kansa da hankali a banza. Makon farko na rage abinci yakan nuna kilo 2, yawancinsa ruwa ne, kada a ɗauka haka za a ci gaba. Bayan 'yan watanni kuma sikeli kan tsaya, domin jikin da ya ragu abincin da yake buƙata ya ragu. A lokacin tef ɗin tela ya fi sikeli gaskiya: a auna daidai saman cibiya sau ɗaya a wata, bayan an saki numfashi, ba a tsuke ciki ba.

Shugaban zaure: Tambayarsa ta ƙarshe: in ya yi mako uku sai ya zame ya sha kara ɗaya, filastar na jikinsa, ya cire ta ya sake sabon lissafi?

Malam Nuhu mai kemis: Kada ya cire. Cirewar ce ke mayar da kara ɗaya kwali. Ya bar ta a jikinsa, ya jefar da abin da ya saura in ya sayo, ya duba me ya jawo: wurin da yake, wanda yake tare da shi, yunwa ce ko ɓacin rai. In ƙawar ta fi tasowa a wani lokaci sananne, misali bayan abincin dare, ya sa cingam minti 20 kafin lokacin, kada ya jira sai ta kama shi. In kuma zamewar ta maimaitu a matakin miligiram 14, ya koma 21 na wasu makonni, ya je a duba ko ƙwaya za ta fi masa.